Tarihin Kibod Mai Ƙara: Yadda Linzamin Madannai Da Fitilu Ya Dawo Hannun Mai Kaya

Yau ba saiti za mu koya ba, ɗan tarihi na kawo muku, kuma ga dalili.

Satin da ya wuce wani yaro ɗan gem ya kawo min kibod shago, irin mai ƙara ƙas-ƙas ɗin nan mai fitilu kala-kala. Ya ce fitilun sun maƙale a ja, manhajar kamfanin kuma ta ƙi buɗewa a kwamfutarsa. Na kwance na duba, kayan ciki lafiya ƙalau. Matsalar kawai ita ce ba shi da hanyar ba wa kibod ɗin umarni sai ta wannan manhaja guda ɗaya. Ya sayi abu da kuɗinsa, amma linzamin yana hannun wani. To wannan matsala ba yau ta fara ba, kuma akwai mutanen da suka shafe sama da shekara goma suna yaƙi da ita.

Mu koma baya kaɗan. A 1985 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kibod ɗin da ake kira Model M. Kowane madanni da sifirin ɗinsa a ƙasa, in ka danna sai ya lanƙwashe ya buga, ka ji ƙara. Nauyinsa ya kai kilo biyu, kuma har yau wani kamfani mai suna Unicomp yana ƙera irinsa a jihar Kentucky. A Jamus kuma, tun 1983 kamfanin Cherry ya fito da makunnin MX, wanda kansa yake da siffar alamar tarawa (+). Shi ne kakan yawancin kibod masu ƙara da kuke gani a kasuwa yanzu.

Da kwamfuta ta yawaita a shekarun 1990, sai kamfanoni suka koma shimfiɗar roba guda ɗaya a ƙarƙashin dukkan madannai, saboda araha. A matsayina na mai gyara, nan ne nake ganin an yi asara. Na roba in layi ɗaya ya mutu, galibi sai bola. Mai makunni kuwa, ka narka dalma ka cire wanda ya lalace ka sa sabo, minti biyar an gama.

Amma duk ƙarfin waɗancan tsofaffin, abu ɗaya ne ba ka da iko da shi: ƙwaƙwalwarsu. A cikin kowane kibod akwai ƙaramin IC da yake zagaya layukan madannai ba tsayawa, ya gano wanda aka danna, ya aika wa kwamfuta lambarsa. Manhajar da ke cikin IC ɗin nan ita ce famwaya, irin dai wadda muke yi wa waya filashin da ita. Abin da kamfani ya zuba tun daga masana'anta shi ke nan, ba ka isa ka taɓa ba.

Wajen 2010 wani ɗan Japan da aka sani da laƙabin Hasu ya fara rubuta tasa famwayar, ya kira ta TMK. Da ita yake haɗa tsofaffin kibod na Apple da IBM da kwamfutocin zamani ta USB, ya kuma sauya ƙwaƙwalwar wani ƙaramin kibod na ƙasarsu mai suna Happy Hacking Keyboard. Babban abin da ya yi ba rubutun ba ne, sakinsa da ya yi ne a ƙarƙashin lasisin GPL. Ma'anar lasisin a taƙaice: ɗauki kyauta, gyara yadda kake so, ka sayar ma in ka ga dama, amma in ka ba wa mutane dole ka buɗe musu abin da ka canza. Ku riƙe wannan sharaɗin, za mu dawo kansa.

A 2015 wani Ba'amurke, Jack Humbert, ya ɗauki TMK ya gina QMK a kanta. Shi yana sayar da wani ɗan ƙaramin kibod ne mai suna Planck, layi 4, kowane layi gurbi 12, wato madannai 47 ko 48 kacal. Ina lambobi za su zauna? Amsar ita ce hawa-hawa, kamar bene. Ka riƙe madanni ɗaya, sai duk sauran su koma lambobi. Ka riƙe wani, su koma alamomi. Daidai yadda kake danna ?123 a kibod ɗin wayarka. QMK tana ɗaukar har hawa 32, tana kuma iya sa madanni ɗaya ya yi aiki biyu: ka taɓa ya rubuta harafi, ka riƙe ya zama Ctrl. Yau kibod dubbai ne ke aiki da ita.

Yanzu maganar wuta. A 2014 kamfanin Corsair ya fitar da K70 RGB tare da Cherry, Razer ma ya fito da nasa tsarin mai suna Chroma a shekarar. Kowane madanni da ƙwan LED ɗinsa mai launi uku, ja da kore da shuɗi, kowane launi matakin haske 256. In ka ninka 256 × 256 × 256 za ka samu launi miliyan 16 da ɗoriya, lambar da kuke gani a jikin kwali ke nan. A daidai wannan tsakanin ne kuma kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh suka cika kasuwa da makunnai masu araha. Shi ya sa kayan ya iso har gare mu.

Sai dai kowane kamfani ya zo da manhajarsa ta sarrafa fitilu, kuma ta wannan ba ta jin yaren wancan. In kibod ɗinka na wani ne, linzamin kwamfutarka na wani, fankarka ta wani, manhaja uku ke nan suna cin RAM a bayan fage. Masu Linux kuwa galibi ko a jerin ba a sa su ba.

Martanin ya zo ta hanya biyu. QMK ta sa sarrafa fitilu a cikin kibod ɗin kansa, na ƙasan allo da na kowane madanni, ba ruwanka da wata manhaja a kwamfuta. Wani abin dariya a nan: IC ɗin da aka fi amfani da shi a lokacin, ATmega32U4, ma'adanarsa 32KB ce kawai. Hoto ɗaya na WhatsApp ya fi ta girma. Sai mutum ya zauna yana zaɓar wane salon rawar wuta zai cire don famwayar ta shiga. Da aka koma manyan IC irin su STM32 da RP2040 aka samu sarari. Hanya ta biyu kuma ita ce OpenRGB, wadda Adam Honse ya fara a 2019. Manhaja ce guda ɗaya, buɗaɗɗiya, da ke sarrafa fitilun kayan kamfanoni daban-daban a Windows da Linux da Mac. 'Yan sa-kai ne suka riƙa sauraron saƙonnin da manhajojin kamfanoni ke aikawa ta USB har suka gane yaren.

QMK da farko sai wanda ya iya gyara fayil ya harhaɗa ya yi filashin. Zuwan VIA ne ya sauƙaƙa: ka jona kibod, ka buɗe shafinta a Chrome na kwamfuta, ka danna hoton madanni ka zaɓar masa aiki, nan take ya canza. A 2020 kuma Pete Johanson ya fara ZMK don kibod marasa waya masu Bluetooth, inda tattalin batir ya fi komai. Daga 2021 kamfanoni irin su Keychron suka fara sayar da kibod ɗin da ya zo da QMK tun daga kwali.

Me ya shafe ka, kai mai waya? Saitin yana zaune ne a cikin kibod ɗin. Ka cire shi daga kwamfuta ka jona a waya da OTG, hawa-hawanka da launukanka suna nan. Mu masu rubuta Hausa kuma, QMK tana iya aika ƙ, ɗ da ɓ daga madanni ɗaya, amma sai kwamfutar ta taimaka, misali da WinCompose a Windows. A jerin tsarin da QMK ta tanada don wannan babu Android, don haka kar ka saya da wannan niyyar in waya kaɗai gare ka.

Sai sharaɗin GPL da na ce ku riƙe. Akwai masu rubuta QMK/VIA a kwali amma sun ƙi sakin famwayarsu, har masu kula da QMK sun buɗe shafi na musamman suna lissafa irinsu. Kafin ka biya kuɗi, nemi sunan kibod ɗin a jerin QMK. In za ka yi filashin kuma, ka tabbatar fayil ɗin na ainihin samfurinka ne, don wani lokaci suna ɗaya ne amma IC ya bambanta, kamar dai yadda muke fama da wayoyi.

Kibod ɗin yaron nan babu shi a jerin QMK, OpenRGB ma ba ta gan shi ba. Na yi ta gwada Fn da sauran madannai har na dace da haɗin da ya mayar da shi saitin masana'anta, fitilu suka dawo rawa. Ya tambaye ni ko zai iya sa WASD kaɗai su zama kore. Na ce masa sai ran da manhajar kamfanin ta ga damar buɗewa.