Iyakar Haƙƙin Mutum: Darasi daga Shari'ar Hadijatou Mani

Masana shari'a sun haɗu a kan cewa yawancin haƙƙoƙi suna da iyaka. Saɓanin yana kan wanda ke shata iyakar. A yankunan Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela na jihar Tawa, wannan muhawara ta fi zafi a kan al'adar wahaya, inda mai hali kan sayi yarinya daga zuriyar bayi, ya ajiye ta bayan matansa huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Hujjata ita ce: ikon da mutum ke taƙama da shi a gidansa ba ya haura kan 'yancin wani, kuma doka kaɗai ba ta tsare wannan iyaka sai da masu tsaya mata.

A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani a matsayin wahaya tana 'yar shekara 12 a kan sefa 240,000. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka a 2003, amma sai a watan Agustan 2005 ubangidanta ya ba ta takardar 'yanci, sannan ya hana ta tafiya, yana cewa matarsa ce. A 2006 ƙaramar kotun Ƙonni ta yanke cewa babu aure a tsakaninsu. Babbar kotun garin ta soke wannan hukunci da sunan al'ada. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida a 2007 bisa zargin aure kan aure. Nan ne matsalar take: dokar 2003 tana rubuce, alƙali ya ji da kunnensa cewa an sayi mace, amma ikirarin ubangida ya rinjayi 'yancinta.

Masu kare al'adar kan jingina ta da addini. Sai dai tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa bai halatta a bautar da 'yantaccen Musulmi ba, har ya ambaci mutanen Kano da Katsina. Yarinyar da aka haifa Musulma, aka yi cinikinta a kasuwar ɓoye, ba ta shiga babin sa-ɗaka ta kowace fuska.

Abin da ya sauya alƙiblar shari'ar shi ne shigowar ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, wadda aka kafa a 1991, tare da Anti-Slavery International da Interights. Su suka nemo lauyoyi, suka kai ƙara Kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta daga bauta, ta umurci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2014 wata kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu a kan wahaya.

Wannan nasara tana da nata gurbin da ba ta cike ba. Mata kaɗan ne suka kai ga kotu, sauran suna can suna daka da ɗebo ruwa ba lada, ba su san da dokar ba. Ga shi kuma Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, ƙofar da Hadijatou ta bi ta rufe. Saboda haka nauyi ya dawo kan alƙalan cikin gida da malamai da sarakuna. Wajibi ne hukuma ta sakar wa ƙungiyoyin kare haƙƙi mara su shiga ƙauyuka, domin haƙƙin da mai shi bai iya kai shi gaban alƙali ba, sunansa kawai haƙƙi.