Daga Glasgow zuwa Ƙofar Mata: a ɗaure ɗan kallo saboda waƙar zagi?

1/ Jama'a, doguwar magana ce, ku gyara zama. Jiya a majalisarmu a Yakasai musu ya kaure: idan 'yan kallo suka rera waƙar zagin addinin wasu ko ƙabilarsu a filin ƙwallo, a kai su Kurmawa ko a'a? Yawanci sun ce a ɗaure. Ni na ce a tsaya tukuna, an taɓa gwada abin ai.

2/ Mu fara da inda aka gwada. A birnin Glasgow na Scotland akwai Celtic da Rangers. Celtic baƙi 'yan Katolika daga Ireland ne tushenta, Rangers kuma ta zama ta 'yan Furotesta. Dukkansu Kirista ne fa, rigimar ɗarika ce. Sai 1989 Rangers ta ɗauki sanannen ɗan wasa Bakatolike, Mo Johnston, wasu magoya bayanta har ƙona kyallayen kulob suka yi.

3/ A 2011 abin ya ƙazanta, har aka aika wa kocin Celtic, Neil Lennon, ƙunshin abin fashewa ta gidan waya. Majalisarsu ta yi doka ta musamman kan waƙoƙin cin zarafi a ƙwallo, ta fara aiki a Maris 2012, hukuncinta na iya kai ɗaurin shekara 5.

4/ Shekara 6 kacal ta yi. A Maris 2018 majalisar ta soke ta da ƙuri'a 62 da 60. Ƙorafin shi ne ba a fayyace mene ne cin zarafi ba, ɗan sanda ne ke yanke wa kansa, kuma dokar ta ware 'yan kallon ƙwallo ta mai da su abin zargi. Mutum biyun da suka aika ƙunshin nan kuwa, da tsohuwar doka aka ɗaure su shekara biyar-biyar.

5/ To mu dawo gida. Kar wani ya ce ina raina kaifin baki. A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna suka ce ba a shirya ba. Jama'a a Legas suka yi musu ature da ihu da baƙaƙen maganganu. Suka dawo gida da abin a zuci.

6/ Da aka ji tawagar Akintola za ta zo Kano taro, ranar 16 ga Mayu 1953 rikici ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Kwana huɗu ana yi, sama da mutum 30 suka mutu. Kuma da yawa daga waɗanda abin ya ci talakawa ne da ba su taka Legas ba balle su yi wa wani ihu. Don haka eh, ihu yana iya zama jini. Wannan ban musa ba.

7/ Amma ga ɗaya ɓangaren tarihin, wanda a nan cikin ganuwa aka yi shi. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Jam'iyyar talakawa ce, makaminta lacca da waƙa da habaici. Kotunan alkalai na En'e kuwa a hannun masu sarauta suke, su kuma galibi NPC suke yi.

8/ Me ya faru? 'Yan NEPU aka riƙa gurfanarwa kan zagi, ko taro ba izini, a yi bulala, a ɗaure. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai an ɗaure ta har sau 16. Shin 'yan NPC ba sa zagi ne? Suna yi mana, su ma da mawaƙansu da 'yan bangarsu. Dokar dai ta san gidan wanda take zuwa. Tambayi duk wani dattijo a Ƙoƙi ko Jakara, zai ba ka labari har ka gaji.

9/ Kuma ɗaurin bai rufe bakin kowa ba. Wanda ya fito daga gidan yari gwarzo yake zama a unguwa. A 1979 PRP ta Malam Aminu Kano, magajiyar NEPU, ta cinye Kano, Abubakar Rimi ya zama gwamna.

10/ Yanzu filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. Ni ɗan Pillars ne na gaske, kofunan 2008, 2012, 2013 da 2014 duk a kaina suke, amma mu faɗi gaskiya: abin da ya jawo mana masifa hannu ne. Yuni 2019 a Agege, wasa da Rangers ta Enugu, 'yan kallo suka afka fili, aka dakatar da Rabi'u Ali wasa 12. Afrilu 2022 aka farfasa motar Katsina United, aka ci tarar naira miliyan 9, aka cire mana maki 3, aka kore mu daga gida. A ƙarshen kakar muka faɗa rukuni na ƙasa.

11/ Lura da wa ya biya: kulob, da dubban 'yan kallon da ba su jefi kowa ba, da mai sayar da rake da ruwan leda a bakin ƙofa. Mai jifan ya wuce gida abinsa. Hukumar da ta kasa zaƙulo mutum da dutse a hannu, ita ce za ta tantance wa ya rera wane baiti cikin dubban mutane? Wallahi wanda ya fi kusa da motar 'yan sanda za a kwasa.

12/ Ga kuma wasan barkwanci. Abin da Bakano ke faɗa wa Bazazzagi, in ka rubuta a takarda ka miƙa wa wanda bai san al'adar ba, cewa zai yi a kira sojoji. Wa zai zana wa alkali iyakar tsokana da ƙiyayya?

13/ Wani ya ce to a bar masu zagin addini ke nan? A'a. Sashe na 210 na Penal Code, wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, ya tanadi ɗaurin har shekara 2 ga mai cin mutuncin addini a fili ta yadda zai tada fitina. Wanda ya ce a kashe ko a ƙona, wannan ingizawa ce, kotu ta yi aikinta. Sabuwar doka ta 'yan ƙwallo kaɗai ce ban yarda da ita ba.

14/ Mai bakin ɓatanci a fili, a fitar da shi ranar, a ɗauki hotonsa, a hana shi shiga kaka ɗaya ko biyu, shugabannin ƙungiyar magoya baya su tsaya a ƙofa tunda sun san 'yan unguwarsu ɗaya bayan ɗaya. Yaro ɗan shekara 17 da ya bi amshi don kowa na yi, in ka kai shi Kurmawa wata shida, zama zai yi da waɗanda suka fi shi sanin hanya, ya fito ba makaranta ba sana'a. Hana shi kallon Pillars da Enyimba a gida kuwa, wannan kam zai ji a jikinsa.