Yadda maganar ciki ta fito daga ɗaka ta iso dandalin maza



A da, ƙasar Adar da Gobir Tudu, ciki da haihuwa sha'anin mata ne. Mai cikin fari ana maida ta gidan uwayenta goyon ciki. In naƙuda ta taso, tsofaffi da ungozoma ke ɗaka, miji kuwa kunya ta kore shi can gindin itace, shi na jiran a ce mai "an sauka lahiya". Aikinshi itacen wankan jego da ragon suna. In mace ta yi jijjiga a ce iskoki ne, in naƙuda ta daɗe a kawo rubutu. Amma duk da nisan da aka yi da shi, ba mai fita da ita zuwa likita sai da izininshi, kuma kuɗin mota aljihunshi suke.

Ga kuma tahiya bida. Da an gama girbi maza sun kama hanyar Abijan, Najeriya ko Libiya. Ko lokacin da furojen Keita ya soma a 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dashen itace, don mazan ba su nan. To wa za a tambaya izini ran da jini ya ɓalle da tsakar dare?

Likitoci dai sun yi ta matsowa. Asibitin Galmi na nan tun 1950. Zamanin Tandja Mamadu aka giggina ƙananan gidajen likita cikin karkara. A 2005 gwamnati ta ce tiyatar cire jariri kyauta ce, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Duk da haka mata ba su daina isowa a makare ba, wasu a tura su Tasigi ta Tawa, wasu ko hanyar ba su kai ƙarshenta ba.

Nan ne aka gane makullin yana hannun maigida. A 2007 hukumar UNFPA ta sa aka yi bincike jihar Damagaram, aka tarar ikon miji na cikin manyan abubuwan da ke hana mace zuwa likita. A 2008 aka buɗe makarantun mazaje 11 na farko yankin Magarya da Matamai, daga baya tsarin ya bazu har jihar Tawa. Makarantar ba ta da aji ba ta da malam. Magidanta ne kamar 12, kowane ya kai shekara 25, matarshi na zuwa awo, su zauna sau 2 a wata su duba abin da ke hana matan garinsu zuwa likita, sannan su bi fada, masallaci da wurin suna suna yi ma ƴan uwansu maza bayani. Namiji ya fi jin magana daga bakin tsaranshi.

Abin da suke faɗi bai da yawa. In mai ciki ta ga jini, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga, ko zazzaɓi, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko yaro ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce awa 12, ba a jiran asuba. Jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa 2.

Shirin kuma tun cikin na ƙarami ake yinshi. A san likitar da za ta haihu. A ajiye kuɗin mai da na magani daban, ko da sayar da akuya ne. A riƙe lambar mai mota ko mai amalanke, a tuna da damina kwari na iya datse hanya kwana guda. A san ɗan uwan da zai ba da jini.

Kai da ke shirin tahiya bana, kafin ka ɗauki jaka ka tara uwarka da ƙanenka ka faɗi gabansu: in ta ji wani abu a kai ta likita, ba sai an same ni a waya ba.

Allah ya sauki masu ciki lahiya. Ku gaya muna, garinku akwai makarantar mazaje?