Karon sunayen azuzuwa a manhaja

Karon sunayen azuzuwa matsala ce da ke tasowa a rubutun manhajar kwamfuta idan azuzuwa biyu suka ɗauki suna guda, har na'ura ta kasa gane wanne ake nufi. Takan bayyana sosai lokacin da ake mayar da tsohuwar manhaja zuwa sabon tsari. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne sararin suna, wato a jingina kowane aji ga gidansa, kamar yadda ake cewa Tudun Wadar Zariya ko Tudun Wadar Kaduna don bambance unguwannin.

Tarihi

A shekarar 2005, PHP 5.1.0 ya fito da wani aji mai suna Date wanda ya yi karo da na ɗakin karatun PEAR, lamarin da ya sa aka janye shi a fitowa ta 5.1.1. A lokacin, masu rubutu suna kauce wa karo ne da dogayen sunaye irin su Zend_Db_Table. Sai a 2009, tare da PHP 5.3, yaren ya samu sararin suna. A 2017, PHPUnit 6 ya sauya PHPUnit_Framework_TestCase zuwa PHPUnit\Framework\TestCase, kuma dole masu amfani da shi suka gyara gwaje-gwajensu.

Hanyoyin warwarewa

Hanya ta farko ita ce rubuta cikakken suna. A Java akwai java.util.Date da java.sql.Date, kuma tun da yaren ba shi da laƙabi wajen shigo da aji, wanda ke buƙatar duka biyun sai ya rubuta aƙalla ɗaya da cikakken sunansa. Ta biyu ita ce laƙabi: a PHP ana amfani da use tare da as, C# kuma yana da using. Ta uku ita ce class_alias() a PHP, wadda ke barin tsohon suna ya ci gaba da aiki har a kammala ƙaura.

Kurakurai

A PHP, idan aka rubuta new DateTime() cikin sararin suna, yaren zai nemi ajin a wannan sarari ya rasa, sai an rubuta \DateTime ko an shigo da shi. Haka nan sunayen azuzuwa da aka ajiye a matsayin rubutu cikin rumbun bayanai ko fayilolin saiti ba sa canjawa da kansu, don haka manhajar na iya tsayawa bayan an ɗora ta.