Malamin da aka ce ya ci gaba: tarihin gwajin Milgram

A watan Afrilu na shekarar 1961 aka gurfanar da Adolf Eichmann gaban kotu a birnin Ƙudus. Shi ne jami'in gwamnatin Hitila da ya tsara jigilar Yahudawa cikin jiragen ƙasa zuwa sansanonin da aka hallaka su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Hujjar da ya riƙe a gaban alƙalai ita ce shi ɗan aike ne, umarni aka ba shi ya bi. An rataye shi a 1962, amma ya bar wa duniya tambaya: mutum mai hankalinsa, mai iyali, zai iya cutar da wanda bai yi masa komi ba don kawai na gaba ya ce ya yi?

Wani matashin malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram, ya ɗauki tambayar ya kai ta ɗakin gwaji a wannan shekara ta 1961. Shi kansa Bayahude ne, haifaffen New York a 1933. Ya sa sanarwa a jarida cewa ana neman maza masu shekara 20 zuwa 50 don bincike kan koyo da hadda, za a biya kowa dalar Amurka 4 da ɗan kuɗin mota.

Duk wanda ya zo, sai ya tarar da mutum biyu: mai bincike sanye da rigar aiki, da wani mutum da aka ce shi ma baƙo ne. A jefa ƙuri'a, baƙon gaskiya ya fito a matsayin malami, ɗayan ya zama ɗalibi. Ƙuri'ar ta bogi ce, ɗalibin kuma ɗan gida ne. A ɗaure shi a kujera cikin wani ɗaki, a zaunar da malamin gaban wata na'ura mai maɓalli 30, daga bolt 15 har bolt 450. Duk amsar da ɗalibi ya kuskure, malami ya danna masa wutar lantarki, kowane kuskure kuma a ƙara bolt 15. Babu wutar da ke isa ga ɗalibin, amma malamin bai sani ba, don shi an ɗanɗana masa ta gaske, bolt 45, tun farko.

Kafin sakamakon ya fito, likitocin ƙwaƙwalwa da Milgram ya tambaya sun yi hasashen mutum ɗaya cikin dubu ne zai kai ƙarshen na'urar. A sakamakon da ya buga a 1963, mutum 26 cikin 40 suka danna har bolt 450. Babu ko ɗaya da ya tsaya kafin bolt 300, inda ɗalibin ya shiga dukan bango. Mutanen nan ba su yi cikin jin daɗi ba. Suna zufa, suna kyarma, suna roƙon a leƙa a ga lafiyar mutumin. Mai binciken bai yi musu tsawa ba, bai ce zai hukunta su ba. Cewa kawai yake yi a ci gaba, aikin na buƙatar haka.

Yawancin masu ba da labarin nan a nan suke tsayawa, su ce ɗan Adam tunkiya ne. A ganina abin da ya biyo baya ya fi amfani gare mu. Milgram ya sake gwajin ta fuskoki da dama, ya tara su a littafin da ya fitar a 1974. Da aka ce malami ya kama hannun ɗalibin da kansa ya ɗora a kan ƙarfen wutar, masu kaiwa ƙarshe suka koma kashi 30 cikin 100. Da mai binciken ya fita yana ba da umarni ta tarho, suka koma wajen kashi 20, wasu ma suna danna ƙaramar wuta su ce sun danna babba. Da aka haɗa malamin da abokan aiki biyu, suka tashi suka ce ba su ƙara yi, mutum 4 kacal cikin 40 suka ci gaba har ƙarshe.

An soki gwajin tun da wuri. A 1964 Diana Baumrind ta ce an jefa mutane cikin tashin hankalin da bai halatta ba. A 2012 Gina Perry, ƴar Ostareliya da ta saurari kaset-kaset ɗin da ke ajiye a Yale, ta nuna cewa mai binciken ya sha matsa wa mutane fiye da yadda aka rubuta, wasu kuma sun yi shakkar wutar ta gaske ce. Duk da haka, da Jerry Burger ya maimaita gwajin ya buga a 2009, yana tsayar da shi a bolt 150, kashi 70 cikin 100 sun nuna za su wuce. Ya kuma lura da wani abu: waɗanda aka kai ga ce musu ba su da zaɓi, dole ne, a nan suka tubure. Mutane sun fi bin wanda ya sa suka ga aikin na alheri ne, kuma ya ɗauke musu alhakinsa.

Ni malamin lakwal ne, kuma ba na mantawa cewa mai danna wutar nan malami aka kira shi, laifin ɗayan kuma kuskuren amsa. Babu wanda ya fara da bolt 450. Da 15 aka fara. Haka bulala take a aji: yau guda ɗaya a tafin hannu, baɗi kuma abin da ake yi ya wuce horo, ba wanda ya ga ranar da aka tsallake iyaka. Sauran malamai suna jin kukan ta taga, kowa na jiran wani ya fara magana.

Mu kuma iyaye, mun tashi da cewa bin na gaba bin Allah ne, kuma ladabi abin so ne, ba gidan da zai zauna ba shi. Sai dai yaron da aka hana shi faɗin a'a ga babba ko da sau ɗaya, ba mu kaɗai zai bi ba. Zai bi wanda ya aike shi sayen ƙwaya, da wanda ya ce ya shigar da amsa ɗakin jarrabawa. Yarinya za ta bi babban da ya kira ta ɗaki ya ce kada ta faɗa wa kowa.

Shi ya sa nake ganin a haɗa wa yaro ladabi da abu biyu. Ya san akwai umarnin da ba a bi, ko daga wa ya fito, kuma idan ya ƙi ya zo ya faɗa, ba za a doke shi a kan haka ba. Sannan ya taɓa ganin babba, uba ko malaminsa, ya ce wa na gabansa cikin girmamawa: wannan kam ba zan yi ba. Mutum 36 cikin 40 na Milgram da suka ajiye na'urar, sai da suka ga wasu biyu sun fara tashi.