Fitsarin Kwance: Daga Kwaɗo Zuwa Ƙararrawa

Fitsarin kwance ba yau ya fara ba, domin kundin magunguna na Ebers, wanda Misirawa suka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo maganinsa. A ƙasar Hausa kuwa, kunyatarwa aka mayar magani: a kira yaro amalala, a ɗaura masa kwaɗo, tsararrakinsa su yi ta tsokanarsa, alhali cikin barci abin ya same shi.

A 1904 wani likita, Pfaundler, ya ƙera shimfiɗa mai ƙararrawa don sanar da masu jinya, sai aka lura yaran suna farkawa, wasu har suna dainawa. A shekarun 1980 likitocin Denmak suka gano cewa wasu yaran, jikinsu ne ba ya samar da isasshen sinadarin da ke rage fitsari da dare.