Mutum 28 da Shagonsu na Rochdale

Tunda muna bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, bari mu ɗan waiwaya mu ga waɗanda suka riga mu a harkar gama-kai, da abin da ya riƙe su a bakin aiki.

A shekarar 1844, a garin Rochdale na ƙasar Ingila, wasu mutum 28, da yawansu masaƙa, suka gaji. Injuna sun karya darajar saƙar hannu, lada ba ya isa, ga masu shaguna suna tauye mudu, suna gauraya gari da alli. Sai suka shiga zubi, kwabo biyu kowane mako, kamar dai adashinmu, har suka tara fam 28. Ranar 21 ga Disamba suka buɗe ɗan shago a layin Toad Lane. Kayan ba wani yawa: fulawa, sukari, man shanu, garin hatsi da 'yan kyandirori. Maƙwabta har dariya suka yi musu.

To, abin lura shi ne, mutanen nan sai sun wuni a wurin sana'arsu, sannan da dare su zo su tsaya a shago, dare biyu a mako da farko. Me ya hana su zamewa? Mu 'yan kasuwa mun san yaron shagon da ake wa tsawa kullum, ido kan agogo yake. Su kuwa shagon nasu ne. Kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan kuɗinsa. Riba a raba ta gwargwadon sayayyar mutum, lissafi kuma a karanta shi gaban kowa. Bashi ne suka ce a'a, sai kuɗi hannu. Wannan kam da wuya a wurinmu, domin wa zai hana maƙwabciya mudun masara? Amma bashin ya taɓa durƙusar da wani shago irinsa a garin, shi ya sa suka kafe.

Zuwa 1850 membobi sun kai 600. A nan Najeriya sai a 1935 aka yi dokar ƙungiyoyin gama-kai.

Mata ma ba a rufe musu ƙofa ba. A 1846 wata mai suna Eliza Brierley ta shiga da sunanta, da ƙuri'arta, a lokacin da matar aure a Ingila ko kuɗin da ta samu da guminta na mijinta ne a doka. Sai a 1870 aka fara gyara wannan dokar.